Kurakuran da ke sa iyali su ƙi jar shinkafa

Matan da na sani a unguwar Agege ta Legas da suka gwada jar shinkafa, wato wadda aka cire mata ƙaiƙayi kawai aka bar dusarta, yawancinsu sau ɗaya suka dafa suka haƙura. Maigida ya ce ta yi tauri, yara suka ture kwano. Abin yana damuna, domin a dusar nan da inji ke gogewa ne amfanin yake: harzar da ke sauƙaƙa bayan gida, da bitamin B1, da sinadarin magnesiyam. Kuma idan ka bi diddigi, ba shinkafar ce ta gaza ba, an dafa ta ne kamar fara.

Tun daga kasuwa ake fara kuskure. Mace za ta je Daleko ko Mile 12, ta ga 'yar Hausa mai ɗan duhu, ta ɗauka ita ce. A'a. Duhun nan na gumi ne, an turara shansherar kafin a casa, kuma galibi inji ya goge ta. Gumi ma ba laifi, yana tura wani kaso na bitamin cikin ƙwayar. Amma jar ta ainihi za ki ga fata-fata a jikinta, ba ta sheƙi. Ofada, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Ogun, tana kusa da ita saboda ba a goge ta duka, sai dai ƙamshinta mai ƙarfi ne, ba kowane Bahaushe yake jure shi da farko ba. Ki sayi rabin mudu ki gwada, kuma ki rege ta sosai saboda tsakuwa.

Babban kuskuren shi ne gaggawa. Farar shinkafa tana nuna cikin minti 20, ita kuwa ja tana son minti 40 zuwa 45, da ruwa kofi biyu da rabi ga kowane kofi guda. Na san abin da za a ce: gas ya yi tsada, kuma wanda ya kwashi sa'o'i a cunkoson hanyar Ikorodu ba zai dawo ya zauna jiran tukunya ba. Maganin wannan jiƙo ne. Ki jiƙa ta da rana idan na dare ne, ko da na awa biyu, lokacin dahuwar zai ragu sosai. Idan ta tafasa ki rage wuta, ki rufe, ki bar buɗe-buɗe da juyawa da ludayi. Bayan kin sauke, ki bar ta a rufe minti 10 tururi ya ƙarasa aikinsa.

Don Allah kada a sa kanwa. Na ga masu jefawa don ta yi saurin laushi, alhali kanwa tana lalata bitamin B1 ɗin da saboda shi aka sayo ta.

Sai kuma sauyin farat ɗaya. Gidan da ya shekara ashirin yana cin fara, ba a kwana ɗaya harshensa zai saba ba. Ki fara da haɗi, kashi ɗaya na ja cikin uku na fara, amma ki riga zuba jar da minti 20, in ba haka ba ɗaya ta caɓe ɗaya tana tsatstsaye. Ni a ganina garau-garau ce ƙofa mafi sauƙi: wake ma yana son lokaci, kuma mai da yaji da albasa suna tafiya da ɗanɗanonta mai kama da gyaɗa. Dafa-duka ma tana karɓa. Tuwo kam ki bar wa ɗanyar shinkafa, jar ba ta yin danƙo yadda ake so.

Ajiya ma sai an kula. Dusar tana da mai, shi ya sa ba ta daɗewa kamar fara. A zafi da laimar Legas, buhun da aka bari a ƙasan kicin zai fara warin tsohon mai kuma ƙwari su shiga. Ki sayi ta wata guda, ki zuba a roba mai murfi.

Ga masu ciwon suga, ina roƙo da babbar murya: jar shinkafa ba magani ba ce. Tana ɗaga suga a hankali fiye da fara, amma har yanzu shinkafa ce, wanda ya cika faranti biyu zai gani a awonsa. A rage yawa, a ƙara ganye da wake ko kifi, a ci gaba da shan magani. Mai ciwon ƙoda kuwa ya fara tambayar likitansa, domin ta fi fara yawan sinadaran fosforos da fotasiyam, waɗanda ake taƙaita wa irinsu.