Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen koyon Japananci a ƙasar Japan

Kuskuren da ya fi cutar da sabon ɗalibi shi ne dogara da haruffan boko wajen karanta Japananci. Ya kamata ya haddace hiragana da katakana, wato tsarin rubutu biyu na sautukan Japananci, kowanne mai haruffa 46, tun kafin ya bar gida, domin malamai ba sa daɗewa a kansu. Kanji kuwa, wato haruffan da aka aro daga rubutun Sin, waɗanda hukuma ta ware guda 2,136 don amfanin yau da kullum, ba sa zama a kai idan an haddace su ɗai-ɗai. Gara a koyi kowanne cikin kalmar da ake gani a tashar jirgin ƙasa ko a kanti.

Abin takaici ne a ga Bahaushe yana sakaci da tsawon wasali, alhali harshensa ya riga ya horar da kunnensa a kan haka. Misali, a Japananci obasan goggo ce ko inna, obaasan kuma kaka ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne maganar ladabi. Ɗalibai da yawa suna zuwa da salon da suka tsinta a finafinan zane, su yi wa malami magana da shi kamar tsaransu, kuma da wuya a tsawata musu a fili, sai dai a ja jiki da su. Gyaran shi ne mutum ya riƙe salon ladabi, wanda ake ƙare jimla da "desu" ko "masu" a cikinsa, ga duk wanda bai shaƙu da shi ba, har sai ɗayan ya fara sassautawa. Haka nan mutanen Japan ba su cika cewa a'a kai tsaye ba. Idan wani ya ce abu yana da ɗan wuya ya yi shiru, to ya ƙi ke nan, kuma nacewa rashin ta-ido ne.

Wasu kuma suna shekara a Tokyo ko Osaka ba su da abokin hira sai baƙi masu jin Turanci. Ƙungiyoyin ɗalibai na jami'a da azuzuwan da 'yan sa-kai ke gudanarwa a unguwanni suna maganin wannan.

Aikin neman na kashewa ma tarko ne. Doka ta yarda ɗalibi ya yi awa 28 a mako bayan ya samu izinin hukumar shige da fice, wanda ya zarce kuma yana iya rasa sabunta bizarsa. Ko bai zarce ba, aikin dare yana cinye lokacin shirin jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, wadda ake yi a Yuli da Disamba, alhali yawancin masu ɗaukar ma'aikata matakin N2 ko N1, wato matakai biyu mafi girma na jarrabawar, suke nema.