Babi na 4: Abin da Ke Zuciyar Yaro, Daga Goyo Zuwa Balaga

Ku karanta a hankali. Layin da ya yi wuya, ku maimaita shi. Babu mai yi muku dariya.

Darasi na 1: Daga haihuwa zuwa shekara 1

Jariri ba shi da baki sai kuka. In ya yi kuka, ku duba bi da bi: yunwa ce, ya ɓata jikinsa ne, zafi ko sanyi ne, ko barci yake ji? In duk babu, ku rungume shi. Ɗauka ba ta shagwaɓa jariri, tana koya masa cewa in ya kira za a zo. Wajen wata 2 yakan fara murmushi in ya ga fuska, to ku mayar masa. Tsakanin wata 6 da 9 ƙyuya kan soma. Wannan ci gaba ne, ya fara bambanta nasa da baƙo.

Komai haushin da kuka ji, kada ku girgiza jariri. Wuyansa bai yi ƙwari ba, girgizar tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ku kwantar da shi rigingine inda ba zai faɗo ba, ku koma gefe minti 5.

Darasi na 2: Shekara 1 zuwa 5

Nan ne aikin yake. Kun karɓe wuƙa daga hannunsa, ya zube ƙasa yana birgima, yana shure-shure, majina har baki. Fushi ya cika shi, kuma bai san sunan abin da ke damunsa ba. Ga abin yi:

1. Ku durƙusa, idonku daidai da nasa.
2. Ku faɗi abin da yake ji: “Ka ji haushi, na karɓe.”
3. Sannan ku faɗi doka a taƙaice: “Wuƙa tana yanka, ba zan ba ka ba.”
4. Ku zauna kusa, ku jira ya huce.

Mataki na 2 ne kowa ke tsallakewa. Ku sa yatsa a kansa, ku sake karantawa. Abin da yake ji ake fara faɗa, doka ta biyo baya. Yaron da ke tsakiyar fushi ba ya jin nasiha, kamar zuba ruwa ne a kwalba rufaffiya. In ya ji kun gane shi, jikinsa zai yi sanyi, sannan maganarku ta shiga.

Mu gwada. Yarinya ta ƙi shiga ɗaki don duhu. Me za ku fara cewa? “Kin ji tsoro.” An yi ƙani, babba ya koma fitsarin kwance. Me za ku fara cewa? “Kana so in ɗauke ka kai ma.” Madalla, haka nan ne.

Amma wasu suna karanta wannan, su koma gida su fara da “Yi min shiru!” Haba! Tsawa tana tsayar da kuka, ta bar tsoro a ciki. Wasu kuma su faɗi mataki na 2 sannan su miƙa wuƙar. Kuskure ne, gane damuwarsa daban, janye doka daban. Sau nawa za a faɗa? Abin da yake ji tukuna, sannan doka.

Darasi na 3: Shekara 6 zuwa 12

Yanzu abokai da kunya sun shigo. Kada ku kwatanta shi da wani, kada ku yi masa faɗa a gaban sa'o'insa. In ya dawo makaranta fuska a ɗaure, kun san matakin: “Da alama ranka a ɓace yake.” Sai ku yi shiru ku saurara.

Darasi na 4: Balaga

Takan fara wa mace tsakanin shekara 8 da 13, namiji 9 da 14. Sashen ƙwaƙwalwa mai danne zuciya ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa saurin fushi. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. In baƙin ciki ya wuce mako 2, ya daina ci ko shiga mutane, ku kai shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa, ku kai shi a ranar.