Kafin ka sayi manhajar tace imel

'Yan'uwa, kada ku kashe ko kwabo a kan manhajar tace imel. Gmail na da nasa matacin a ciki, kyauta.

A kwamfuta za ka buɗe, manhajar waya ba ta da wurin saita shi. In ba ka da kwamfuta, shagon buga takardu a Agege, Legas, ya isa, amma ka fita daga akwatinka (Sign out) kafin ka tashi.

A wurin bincike rubuta unsubscribe. Danna alamar Show search options da ke gefen wurin, sannan Create filter, ka zaɓi Skip the Inbox, ka sake danna Create filter.

Kusan duk saƙon talla na ɗauke da kalmar nan a ƙasansa, sai ya wuce gefe ba tare da an goge shi ba. Na taɓa rasa saƙon mai aiko min kaya kasuwar Mile 12 cikin tarin talla, abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Sai dai wasu saƙonnin banki da rasit ma na da kalmar. Don haka kada ka zaɓi gogewa. Riƙa leƙa All Mail, inda za ka ga saƙonnin da suka wuce gefe, duk Juma'a.

'Yan damfara kuwa sukan zille wa matacin. Kada ka buɗe abin da suka turo, danna Report spam kawai. Bayan kwana 30 Gmail zai share shi.