Yadda zaka bi ka zama someliye idan daga Kaduna ka taso

Tunda na dawo hutu yara ke tare ni, a coci, a layinmu na Barnawa, har wajen mai shayi, wai yaya ya akayi ka samu aikin nan, wace makaranta kayi, nawa ka kashe. Toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Someliye kalmar Faransanci ce, shine mutumin da ke kula da ruwan inabi a babban otal ko gidan abinci, shi zai zaɓo abinda za'a saya, ya adana shi, ya rubuta lis, ya ba baƙo shawarar wanda zai tafi da abincinsa, sannan ya buɗe ya zuba.

Abu na farko kuma bazan ɓoye maka ba, giya ce, tana sa maye. Ɗan'uwa Musulmi addininsa ya hana, mu ma akwai ikilisiyoyi da yawa da basu yarda ba, dan haka ka zauna da kanka da mutanen gidanku tukuna. Wanda yake son aikin hanci da harshe amma banda giya akwai ɓangaren kofi, ƙungiyar masu sana'ar kofi ta duniya da ake kira SCA tana da kwasa-kwasanta kuma ana cin abinci dashi sosai.

Idan ka yanke shawara, dan Allah kar ka fara da neman biza. Ka fara da ɗaukan tire. Ka nemi aikin sabis a otal ko gidan abinci mai kyau, nan Kaduna ko Abuja ko Legas, kayi shekara 1 ko 2 kana goge kofunan gilashi, kana koyon tsayuwa awa 10 da fara'a a fuska, kana koyon yadda ake da baƙon da ya shigo da fushinsa daga gida. Ni da haka na fara kuma har yau shine jarina, domin manajan da zai ɗauke ka a waje kafin ya duba takardarka sai ya miƙo maka kwalba da mabuɗi yace buɗe in gani, daga yadda ka yanke bakin kwalbar ka zaro toshin ba ƙara, ka nuna wa baƙo lakabin, ka zuba ba ɗigo akan teburi, ya gama sanin ko kai waye. Akwai wani ɗan Zimbabuwe, Joseph Dhafana, da aikin lambu da wanke-wanke ya fara a wani gidan abinci a Afirka ta Kudu, shi da 'yan ƙasarsu 3 sukaje gasar ɗanɗano ta duniya a Faransa a 2017.

Sai hanci, kuma nan zan daɗe. Littattafan Turawa ne suka rubuta, zakaga suna cewa wannan yana ƙamshin wani ɗan itacen da kai tunda aka haife ka baka taɓa gani ba, sai ka ɗauka kai ne baka iya ba. Ka iya, ma'ajiyar ƙamshinka ce daban. Ka shiga kasuwa, Kasuwar Bacci ko ta Sheikh Gumi, ka dinga ɗaukan abu kana shinshinawa ido a rufe kana kiran sunansa: gwaiba, abarba, lemun tsami da ɓawonsa, koren tattasai, masoro, kanumfari, kirfa, dabino, ɗinya. Masoro zaka same shi a inabin Syrah, koren tattasai a Cabernet Sauvignon wanda bai gama nuna ba, kanumfari kuma yawanci daga gangar itacen oak da aka ajiye ruwan a ciki yake fitowa. Abinda suke kira tanin, wato wannan bauri mai busar da dasashi, ka tauna goro ko ka sha baƙin shayin da ya daɗe a wuta ba madara, shine. Tsami kuwa mu da muka tashi da tsamiya da zoɓo ba wanda zai koya mana, ka lura da yadda yawu ke tsatsowa a gefen harshe bayan ka tofar, yawan yawun shine yawan tsamin. Ɗan itacen da suka fi ambata a jan ruwan inabi, blackcurrant, ka sayi Ribena ka shinshina, ɗanɗanonsa ne a ciki. Ka sayi ƙaramin littafi kana rubutawa kullum, da Hausa ma ka rubuta, daga baya ka nemo sunan da suke kira.

Toh sai takarda. Hanyoyi 2 ne manya. Akwai WSET, ƙungiya mai koyar da ilimin ruwan inabi tana ba da takarda, da aka kafa a Landan a 1969, matakinta 4. Mataki na 1 kwana ɗaya ne, tambaya 30. Na 2 tambaya 50 a awa 1, duk na zaɓi ɗaya ne, kana buƙatar kashi 55 ka wuce, kuma in kana aikin sabis ka iya Turanci zaka iya tsallake na 1 ka ajiye kuɗinka. Na 3 nan ake gumi, ga tambaya 50, ga rubutu, ga kofi 2 da za'a ajiye maka baka ga kwalba ba ka bayyana abinda ke ciki. Na 4 difloma ce, wata 18 zuwa shekara 3. Ta biyun Court of Master Sommeliers ce, ƙungiyar someliyoyi da aka kafa a 1977, itama hawa 4, ita tafi ƙarfi wajen sabis, za'a sa ka yi wa alƙalai hidima kamar baƙi suna jefo maka tambaya, a hawan ƙarshe kofi 6 cikin minti 25. Shawarata kayi WSET 2 da 3, sannan in kana kan aiki ka shiga ta biyun.

Ina zakaje? Ni Afirka ta Kudu na zaɓa kuma ita nake ba mutanenmu shawara. Da Turanci ake koyarwa, rayuwa tafi Landan sauƙi nesa ba kusa ba, akwai Cape Wine Academy tun 1979, ga gonakin Stellenbosch kusa da Kef Tawun, zaka ga Chenin Blanc da Pinotage a jikin itacensu, Pinotage ɗin ma a can aka haɗa irinsa a 1925. In zaka iya ka daidaita tafiyarka da kakarsu, wajen Janairu zuwa Maris. Faransa tana da kyau amma ba Faransanci ba magana, sai ka kai matakin B2, wato ka ƙware a yaren sosai, kafin ka ji abinda malami ke faɗi. Ingila kuwa bizar ziyara tana barin gajeren kwas da bai wuce wata 6 ba amma bata barin aiki, kar wani ejan ya ruɗe ka. Kuɗin makaranta ka biya kai tsaye, bayan ka duba sunanta a shafin WSET cewa sun amince da ita, ba ta hannun kowa ba.

Abubuwan da zaka haddace tun yanzu: kwalba mililita 750 ce, tana ba da kofi 6 in ana zuba 125, ana ajiya a sanyin digiri 10 zuwa 15 a kwance in toshinta na itace ne, zafin Kaduna na watan Maris yana dafa kwalba a kanti, in ka ji warin jiƙaƙƙen kwali toshin ya ɓata ta, canza wa baƙo ba gardama. In ya yi odar abu mai yaji irin tsire ko kilishi kar ka bashi ja mai bauri da ƙarfi, zai ƙara masa zafi, ka bashi fari mai sanyi da ɗan zaƙi kamar Riesling.

Kuma ka koyi tofarwa, da gaske nake. A rana ɗaya zaka iya ɗanɗana kala 30 ko fiye, ka kurkure ka tofar a bokiti, na ga yara masu hanci da suka fini waɗanda haɗiya ta kore su daga aikin nan cikin shekara 2. Ranar jarabawar ɗanɗano kar ka fesa turare, kar ka shafa mai mai ƙamshi, kar ka ci yaji ko goro ko ka sha kofi gab da shiga, ka karya da abu mara ɗanɗano kamar burodi, ka tafi da ruwanka da biro 2.