Yadda za ka gane ainihin tsadar bashi kafin ka sa hannu

Aikina a nan Tawa shi ne riƙe wa 'yan kasuwar albasa lissafi, kuma da an fara ɗebe albasar Galmi sai takardun bashi su cika mini tebur. Kowa na son saye da araha ya ajiye har ta yi tsada. Tunanin mai kyau ne, sai dai da yawa ba su san nawa bashin ke ci ba, abin kuma yana damuna.

Fara da biro da takarda. A ce an ba ka jikka 100, wato sefa 100,000, ruwa 2% a wata, biya cikin wata goma. Kowane wata kana mayar da jikka 10 na uwar kuɗi, da jikka 2 na ruwa. To duba da kyau. A wata na biyu jikka 90 ke hannunka, na uku 80, a wata na ƙarshe jikka 10 kaɗai ta rage, amma har lokacin jikka 2 ake karɓa, kamar duka ɗarin na aljihunka. Tara abin da ke hannunka wata bayan wata, 100 da 90 da 80 har zuwa 10, za ka samu 550. Raba jikka 20 na ruwa da wannan 550. Abin da ya fito ya kai 3.6% a wata, a shekara ya haura 40%. Idan kuma an cire kuɗin dosiye da na inshora tun kafin a miƙo maka kuɗin, haɗa su cikin jikka 20 ɗin nan ka sake rabawa.

Wannan jimillar ta ainihin tsadar bashi a shekara, ruwa haɗe da sauran kuɗaɗe, ita ake kira TEG a Faransanci, kuma haƙƙinka ne ka gan ta a rubuce cikin takardar yarjejeniya. Ka ce, "Malam, nuna mini TEG." Ƙa'idar da ta fara aiki a 2014 a ƙasashe takwas masu sefarmu ta tsaida iyaka: 15% a shekara ga bankuna, 24% ga ƙananan asusun bada bashi. Tambayi iyakar da ke aiki ranar da ka je, ka gwada da lissafinka. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya nufi murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa da ƙarin riba, shi ma ya yi wannan lissafi da ribar da aka ɗora wa kayan.

Sannan ka san daga ina ruwan ke gangarowa. Bankinka shi ma aro yake yi a BCEAO, babban bankin da ke da hedkwata a Dakar, wanda kwamitinsa ke zama duk wata uku. Da tsadar kaya ta taso, sun ɗaga kuɗin ruwansu daga 2% a farkon 2022 zuwa 3.5% a Disamba 2023. Manufar ita ce bashi ya yi wuya, kuɗi su ragu a kasuwa, farashi ya lafa. Masana sun rabu a kan wannan, ni kuma ina tare da masu cewa idan ƙarancin ruwan sama ko rufe iyaka ne ya tada farashin hatsi, matse bashi ba ya ƙara ko tiya ɗaya a kasuwa. Ko ma dai yaya, in ka ji a rediyo an ɗaga, shirya wa banki mai tsauri.

Masu harka ta Konni da Illela ta Najeriya, ku lura da wane kuɗi kuka ci bashi, da wane kuke sayarwa. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya tun 1999. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, ta faɗi ƙwarai. Wanda ya ci bashin sefa yana karɓar naira, faɗuwar a kansa take.

Kafin ka sa hannu, ƙiyasta buhu nawa zai ruɓe a rumbu, ka cire shi daga ribar da kake hange. In ragowar ba ta fi ruwan bashin ba, rage yawan abin da za ka karɓa. Kuma ka nemi a sa farkon biya bayan watan da kake sa ran sayarwa, a rubuta hakan a takarda.