Yadda na gyara cajin batir a tsakiyar teku

Kwana 9 da barin Mindelo, wani gari mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Cape Verde, muna tsakiyar Atlantika cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, batir ya daina ɗaukar caji. Fitilu suka dushe, firiji ya mutu, kifinmu ya fara wari. Kyaftin ya ce farantin sola ne. Da na saba haɗa sola a Maradi, na san ƙurar hunturu kan rufe faranti. A nan gishiri ne. Na wanke da ruwan daɗi, shiru. Ashe wata koriyar tsatsa ce ta cinye mahaɗin waya a kan batir. Na kankare, na wanke da ruwan kanwa (Inna ce ta cusa mini ita a jaka), na shafa basilin, na ɗaure tam. Da hantsi caji ya dawo.