Kurakuran da Aka Fi Yi da Zotero da Mendeley Bayan an Tashi Bitar Laburare

Kusan kowane zangon karatu sai an liƙa sanarwar bita a ƙofar laburare: a zo a koyi neman maƙalu a intanet, a koyi manhajar Zotero ko Mendeley don tsara madogara, wato ambaton marubuci a cikin rubutu, da jerin manazarta na ƙarshen kundi. Zaure ya cika, a sa hannu a takardar halarta, a watse. Bayan 'yan watanni sai ga mutanen nan dai suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, laftof a hammata, ido ya raina fata, saura ƙiris a kare kundi. Koke-koken kuma ba sa canzawa, daga mai furojet ɗin digirin farko har mai digiri na uku. Na gaji da maimaita magana guda ga ɗalibanmu na Kaduna mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na tattara ta a nan. Magungunan nawa ne, waɗanda hannuna ya saba da su. Wani ma'aikacin laburaren zai iya nuna maka wata hanyar, kuma ba lallai tasa ta zama kuskure ba.

Tun ranar bitar ake fara kuskurewa. Mutum ya zo da biro da littafi yana kwafar abin da ke allo. Ba a koyon Zotero da biro. Ka zo da kwamfutarka caji a cike, tunda ba ka da tabbacin wuta, kuma ka sauke manhajar tun daren jiya, don in zaure guda ya hau intanet ɗaya kowa na saukewa, za a tashi taka ba ta kai rabi ba. Abu uku ake buƙata: manhajar kanta, da ɗan maɓallin da ake ɗora wa Chrome ko Firefox, da shafin Zotero da ke fitowa a saman Word. Yawancin masu cewa "Malam, tawa ba ta yi" ɗaya daga cikin ukun nan ne babu.

Ni Zotero nake nuna wa mutane. Kyauta ce, tun 2006 ta fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma tana aiki ko babu data. EndNote ta kuɗi ce, kada ka ɗora ta satar da aka ba ka a filashi. Mendeley tana hannun kamfanin Elsevier tun 2013, kuma tun Satumban 2022 suka daina ba da tsohuwar Mendeley Desktop, aka koma Mendeley Reference Manager. Amma bidiyoyin tsohuwar na nan cike da YouTube, sai ɗalibi ya yini yana neman maɓallin da aka daɗe da cirewa. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta. Haɗa biyu a fayil ɗin Word guda neman rigima ne.

Yanzu ga manyan kurakuran. Mutane sun ɗauka manhajar ta san littattafai. Ba ta san komai ba. Abin da shafin intanet ya miƙa mata shi take ajiyewa, mai kyau ko gurɓatacce, shi kuma za ta jera maka a ƙarshen kundi tsaf-tsaf, har ka ji daɗi. Na ga manazartar da aka sa "Commission, N. P." a matsayin marubuci. Wane ne kuma Commission? Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, National Population Commission, manhaja ta ɗauke ta mutum, ta mai da kalmar ƙarshe sunan mahaifi, sauran ta taƙaice su. Gyaran ba wani abu ba ne: a gefen gurbin sunan marubuci akwai ɗan akwati, ka danna shi gurbi biyu su koma ɗaya, ka rubuta sunan hukumar gaba ɗaya. Amma sai wanda ya duba zai gani.

Sunayenmu ma suna shan wahala. Marubucin da sunansa ya ƙare da sunan gari, Zariya ko Funtuwa ko Gusau, a wani wuri an ɗauki garin a matsayin sunan ƙarshe, a wani an ɗauki sunan mahaifinsa, sai mutum ɗaya ya rabu biyu a jerin manazarta. Ka bi yadda aka buga sunan a kan aikin kansa, ba yadda Google Scholar ta yanka shi ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wani lokaci alamar tambaya suke komawa. Wasu mujallun kuma da manyan baƙaƙe suke rubuta take baki ɗaya, alhali APA, tsarin nan na rubuta madogara da manazarta, harafin farko kawai yake so babba sai sunayen yanka. In ka danna dama a kan taken, Zotero za ta ƙanƙantar maka da shi, sai dai har Kaduna da Hausa za ta mayar ƙanana, sai ka bi ka ɗaga su da hannu.

Al'adata ita ce, duk abin da na shigar ba na wucewa sai na duba marubuci, shekara, take, sunan mujalla da juzu'i da fitowa, sannan shafuka. In aikin na da lambar DOI ko ISBN, wato lambar shaidar maƙala ko ta littafi, ita nake liƙawa a maɓallin nan mai hoton sandar tsafi, bayanin da ke zuwa ta nan ya fi tsabta. Mujallun sassanmu da yawa da kundayen da ke jibge a kanta ba su da DOI, takardar da aka ɗauka hoto da waya kuwa manhaja ba ta iya tsamo bayaninta, dole ka zauna ka shigar da hannu, ka kuma zaɓi nau'in da ya dace. Kundin digiri ba littafi ba ne. Sannan a cikin Zotero ake gyara, ba a Word ba. Duk gyaran da ka yi wa jerin manazarta a Word, ranar da ka danna Refresh, maɓallin sabunta jerin, zai tafi, ka yi aikin baban giwa.

Wanda ya fi ƙona min rai kuwa shi ne na shagon buga takardu. Madogarar da Zotero ke sakawa a Word ba rubutu zalla ba ce. Ka danna kan sunan da shekarar, za ka ga wurin ya yi toka-toka. Akwai ɓoyayyen bayani a ƙarƙashi, tamkar igiya ce da ta ɗaure wurin da ma'ajiyarka. In ta tsinke, rubutun na nan yadda yake, ido ba zai gane ba, amma ya mutu.

Lokacin da nake digiri na biyu na kai fayil ɗina wani shago a daidaita min gefe-gefe da lambobin shafi yadda makaranta ke so. Yaron shagon mai fara'a ne. Ya ce, "Yaya, je ka yi salla ka dawo, yanzu za ka ga aiki." Na dawo na ga aiki kuwa. Ashe kwashe komai ya yi ya zuba a wani tsohon fayil nasa mai tsarin da ya saba, a matsayin rubutu zalla, ya bi ya gyaggyara, sannan ya ajiye min a filashi da sunan nawa, sabon ya hau kan tsohon. Ban farga ba sai bayan difens na cikin gida, da aka ce in zubar da wani sashe na babi na biyu in ƙaro sababbin ayyuka. Na saka madogara ɗaya, na danna Refresh, jerin manazarta ko gezau. Haka na bi kundin nan babi-babi, ina farautar kowane suna ina gogewa ina sake sakawa, ga zafin bazara, ga ba wuta, ina biyan kuɗin caji a bakin titi, abokan karatuna kuwa har sun kai nasu a ɗinke. Da na koma shagon raina a ɓace, yaron ya leƙa allo ya ce, "Yaya, ai ba abin da ya ɓata, ga rubutunka nan duka." Kuma da gaskiyarsa, iya abin da ido ke gani.

Shi ya sa in na ga ɗalibi ya miƙa asalin fayil ɗinsa ga mai shago ba na iya yin shiru, ko ban san shi ba. Haba! Aikin shekara biyu ka danƙa wa wanda bai taɓa jin sunan Zotero ba, ka tafi cin abinci? Ba a ba kowa asali. Uwar fayil tana kwamfutarka, kai kaɗai ke taɓa ta. In za a buga, ka yi kwafi, a cikin kwafin ka danna Unlink Citations da kanka, shi za ka bayar, ko ma ka mai da shi PDF in bugawa kawai za a yi. Ka tabbata a kwafin kake kafin ka danna, don wannan maɓallin ba ya da komawa baya in an ajiye an rufe. Haka ɗora fayil ɗin Word a Google Docs a sake sauke shi, ko buɗe shi a manhajar waya a gyara waƙafi ɗaya a ajiye: duk suna iya tsinke igiyar. In Malam mai duba aiki na son gyara a kwamfuta, kwafi za ka tura masa, ka zauna ka mayar da gyare-gyarensa cikin uwar fayil. Da wahala, na sani. Wanda malaminsa ya fi son takarda da jan biro ya gode wa Allah. Kuma a daina sa wa fayil suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe". Kwanan wata ake sawa.

Ƙanin wannan shi ne rashin ajiya a wani wuri. Laftof ya ƙi tashi, a kai wa mai gyara, ya goge komai ya ɗora sabuwar Windows, ya miƙo maka yana murmushi. Buɗe asusun Zotero kyauta ne, kuma sunayen ayyuka da bayanan da ka rubuta a kansu ba su da iyakar ajiya; fayilolin PDF ne aka ba 300 MB kyauta, wanda ba ya jimawa yake cika. Ni nakan kashe ɗora PDF, in bar sauran suna hawa, sannan duk Juma'a in rufe manhajar in kwafe jakar nan mai suna Zotero gaba ɗaya zuwa wata ma'ajiyar. Kada dai wayo ya sa ka mai da jakar cikin Google Drive ko Dropbox tana aiki daga can, lalacewa take yi.

Sai masu madogara da abin da ba su karanta ba. A samu tsohon kundi a sashe, a kwashe bitar ayyukan da suka gabata har da kurakuran rubutunsa. Mai jarrabawa na waje ya ɗaga gilashi ya ce, "Wannan littafin na 1978 a ina ka gan shi?" sai kame-kame. In a wurin wani ka ga maganar, ka ce a wurinsa ka gani, APA ta tanadi yadda ake rubuta hakan, ba abin kunya ba ne. Yanzu kuma an samu sabon salo, a ce wa ChatGPT ya kawo manazarta ashirin, ya ƙirƙiro wasu da sunayen malamai na gaske da taken da babu shi a duniya. Ka liƙa lambar DOI ɗin da ya ba ka a doi.org, in ba ta buɗe wannan aikin ba, ka goge. In kuma Zotero ta sa wa wata maƙala jan gargaɗi, janye ta aka yi daga mujallar. Tun 2019 take haɗa kai da Retraction Watch, masu bibiyar maƙalun da aka janye, a kan haka. Kada ka kau da kai.

A wajen nema kuwa, kuskuren ɗaya ne: a zuba taken kundi gaba ɗaya a Google, in bai fito ba a rubuta cewa ba a taɓa aiki a kan batun ba. Ka fasa taken zuwa kalmomi biyu ko uku, ka sa waɗanda ke tafiya tare cikin alamar zance, ka gwada Zaria da Zariya da Zazzau, ka nema da lanƙwasa ka nema babu ita. Ka tambayi ma'aikatan laburarenku rumbunan da makarantarku ta yi wa rajista, irin su Hinari na lafiya da AGORA na noma da ke ƙarƙashin Research4Life, ka leƙa AJOL don mujallun Afirka, da DOAJ don waɗanda ake karantawa kyauta. Kuma ba komai ke intanet ba. Mai bincike a tarihi ko Hausa ko siyasar Arewa da ke zaune a garin nan bai taɓa shiga Arewa House ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ba, bai hau mota zuwa Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru ba, bai fara ba tukuna. In ka je, bangon fayil za ka fara ɗauka hoto, inda lambar take, ZARPROF kaza ko SNP kaza, kafin takardun ciki. Na sha ganin waya cike da hotunan takardun zamanin Turawa, mai ita bai san daga wane fayil suka fito ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fitowa, don haka "wata tsohuwar Gaskiya" ba madogara ba ce. A rubuta rana da wata da shekara da shafi.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. Ka tambayi sashenku wane bugu na APA suke so kafin ka fara; na 7, wanda ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, kuma marubuta uku zuwa sama "et al." ake sa musu tun ambaton farko. Aiki ya shiga sau biyu, haɗe su ake yi da Merge, ba a goge ɗaya, don wataƙila wanda ka goge shi ne ke cikin kundin. Maganar da ka ɗauko kalma da kalma sai da lambar shafi, ka rubuta ta tun littafin na hannunka. Madogarar da ka buga da yatsunka a tsakiyar na Zotero ba za ta fito a manazarta ba. Hirar da ka yi da dattawa kuwa APA a cikin rubutu kawai take ambatonta, amma sassa da yawa a nan suna son jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshe, da wuri da kwanan wata, har da shekarun mutum, don haka ka tambaye su tun kana zaune a zaurensu.